Kogin Haɗeja Tsakanin Ƙishirwa da Ambaliya

Kusan duk ruwan saman da ke sauka a ƙasar Kano da Jigawa da Yobe yana zuba ne cikin wata huɗu, daga Yuni zuwa Satumba, mafi yawansa kuma a Yuli da Agusta. Sauran wata takwas ɗin, mutum da dabba da shuka suna rayuwa ne a kan abin da aka iya riƙewa daga damina: wanda ya nutse cikin ƙasa, da wanda ya kwanta a fadama da tafki, da wanda aka tare a madatsa. Shi ya sa garin da aka kwashe mutanensa a kwalekwale a watan Satumba kan wayi gari a watan Afrilu mata da yara na jera jarkoki a bakin rijiyar burtsatse. Ƙarancin ruwa da ambaliya tushensu ɗaya a wannan yanki. Ruwa na zuwa da yawa a ƙanƙanin lokaci, wuraren da ya saba kwanciya kuma an cike su, hanyoyin da ya saba bi sun toshe. Babu inda wannan ya fito fili kamar a kwarin kogin Haɗeja.

Kogin yana samuwa ne daga haɗuwar kogin Kano da kogin Challawa a kudu da birnin Kano. Daga nan ya bi ta Wudil da Ringim ya nufi Haɗeja, inda ƙasa ta shimfiɗe har ruwan ya rasa gangara, sai ya rarrabu gida-gida ya bazu cikin dausayin Haɗeja da Nguru. A can ne yake gamuwa da kogin Jama'are, wanda ya taso daga tsaunukan Filato ya ratso ƙasar Bauchi da Katagum. Abin da ya fita daga dausayin ta wajen Gashuwa shi ne kogin Yobe, wanda ke raba Najeriya da jihar Diffa ta Nijar kafin ya faɗa Tafkin Chadi. Ruwan sama yana raguwa yayin da ake bin kogin ƙasa: abin da Nguru ke samu a shekara bai fi kusan rabin na kudancin Kano ba. Saboda haka mutanen ƙasan kogi sun dogara ne da ruwan da ya sauka a garuruwan da yawancinsu ba su taɓa takawa ba.

Kafin a gina madatsun ruwa, cikar kogi a damina arziki ce da ake jira. Ruwa kan malale fadama a hankali, manomi ya riga ya shuka shinkafar da ke tashi tare da ruwa. Kifi ya biyo ya yi ƙwai a cikin ciyawa, masunta su ci kasuwa. Da ruwa ya fara janyewa a kaka, sai a bi danshin da ya bari a shuka wake da masakwa da kayan lambu, in an girbe kuma Fulani su sauko da shanu su ci ciyawar fadama har faɗuwar damina. Fili guda ya ciyar da manomi da masunci da makiyayi, kowa da lokacinsa. Akwai kuma amfanin da ido ba ya gani: ruwan da ya kwanta wata biyu ko uku a fadama yana tsatsafewa ƙasa, shi ne ke cika rijiyoyin ƙauyukan da ke nesa da bakin kogi.

Abu biyu ne suka sauya wannan tsari a lokaci guda. Na farko shi ne fari. Daga ƙarshen shekarun 1960 ruwan sama ya ja baya a duk faɗin Sahel, aka sha bala'in 1972 zuwa 1974, sannan na 1983 da 1984. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya tsuke har ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma na girmansa a tsakiyar shekarun 1980. Na biyu shi ne amsar da gwamnati ta ba farin. An kammala madatsar Tiga a 1974, aikin da aka faro a zamanin Gwamna Audu Bako, mai iya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. A 1992 aka ƙara madatsar Challawa kusa da Ƙaraye, wadda ke riƙe kusan rabin haka. A 1976 ne aka kafa hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are domin kula da irin waɗannan ayyuka.

Babu mai musun alherin da madatsun suka kawo. Noman ranin Kadawa da Kura da Bunkure, da tumatir da shinkafa da alkamar da ke fita daga can zuwa kasuwannin ƙasar nan, duk daga Tiga suke sha. Matatun ruwan Tamburawa da Challawa da ke ba birnin Kano ruwan famfo su ma da ruwan da madatsun ke saki suke aiki a rani. Sai dai an tsara su ne da tunanin mutanen saman kogi, ba a yi lissafin na ƙasa sosai ba. Cikar damina ta ragu, fadamun da ke nesa suka daina samun ruwa, rijiyoyi suka yi zurfi, ruwan da ke isa Gashuwa daga kogin Haɗeja ya koma ɗan kaɗan. Binciken da masana tattalin arziki suka yi a shekarun 1990 ya nuna cewa idan aka haɗa noma da kamun kifi da itacen wuta, ruwan da ya malale dausayin ya fi kawo amfani a kan adadinsa da aka kai manyan filayen noman rani. Wannan na cikin dalilan da suka sa mutanen Yobe da Borno suka daɗe suna adawa da gina madatsar Kafin Zaki a kan kogin Jama'are, wadda har yau ba a kammala ba.

Sai kuma kachala, wadda ta zo ta inda ba a zata ba. A da kogin kan ƙafe a rani, rana ta ƙone duk abin da ya tsiro a cikinsa, cikar damina kuma ta zo da ƙarfi ta share yashi da laka. Da madatsu suka fara sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara, sai aka samu ruwa marar zurfi, marar gudu, wanda ba ya bushewa, irin wurin da kachala ke so. Ciyawa ce mai tsayin da ya wuce mutum, saiwarta na sarƙewa a ƙarƙashin laka, in an sare ta a sama ta sake tohowa cikin makonni. Duk lakar da ruwa ya ɗauko tana maƙalewa a gindinta, sannu a hankali hanyar ruwa ta cike ta zama tudu. Rassan kogin da ke kai ruwa gabas suka toshe, ruwa ya karkata zuwa mashigar Marma da tafkin Nguru. Sakamakon haka wasu ƙauyuka gonakinsu na cikin ruwa rani da damina, wasu kuma da ke gaba kaɗan suna kallon busasshen kwari inda kakanninsu suka yi su. Cikin kachalar ne kuma tsuntsayen jan baki ke kwana suna hayayyafa, su fito da safe su faɗa wa shinkafa da gero, ga sauro ga katantanwar da ke ɗauke da cutar tsargiya. Kogin da cikinsa ya cika da laka da ciyawa ba ya iya ɗaukar ruwan da yake ɗauka a da, don haka ko matsakaiciyar damina takan ishe shi ya yi ambaliya.

A kan wannan hali ne sauyin yanayi ya sauka. Tun daga shekarun 1990 ruwan sama ya fara dawowa Sahel, amma da wata kama dabam. Iska mai zafi ta fi ɗaukar tururin ruwa: duk ƙarin zafi na digiri ɗaya a ma'aunin Salshiyas yana ba ta damar riƙe ƙarin danshi kusan kashi 7 cikin 100, in ta tashi saukewa kuma sai ta juye shi gaba ɗaya. Wani bincike da aka wallafa a mujallar Nature a 2017, wanda ya bi hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35, ya gano cewa manyan hadura masu tsananin ƙarfi a Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Manomi ya riga ya san wannan daga gonarsa. Ruwa ya ɗauke kwana goma sha biyar bayan shuka har gero ya yi yaushi, sannan ruwan wata guda ya sauko a dare ɗaya. Irin wannan ruwa ba ya samun sukunin shiga ƙasa. Yana gudu ne a sama, ya kwashe taki da ƙasar noma, ya yanka zaizaya, ya zube a kogi cikin sa'o'i. Jimillar ruwan shekara na iya zama mai yawa, amma rijiya ta ƙafe da wuri, ga kuma zafin bazara da ke ƙara shanye abin da ke cikin tafkuna da madatsu.

Daminar 2022 ta nuna inda abin ya kai. A faɗin Najeriya ambaliya ta kashe mutum fiye da 600, ta raba sama da miliyan ɗaya da gidajensu, Jigawa kuma na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Masanan da ke auna hannun sauyin yanayi a cikin irin waɗannan bala'o'i sun kiyasta cewa ɗumamar duniya ta ninka yiwuwar samun ruwan sama irin na wannan shekara a yankin har kusan sau 80. A Haɗeja da Auyo da Kafin Hausa da Ringim, mutanen gari ne kan fito aikin gayya, matasa na cika buhuna da ƙasa suna miƙa wa juna hannu da hannu, ana ɗaga jinga da hasken tocila, wasu na zagayawa cikin dare suna neman inda ruwa ya fara tsiyaya don a toshe kafin ya ɓalle. Wannan jarumta ce ta gaske, kuma sau da dama ita ta ceci gari. Amma buhun ƙasa ba zai maye gurbin jingar da injiniya ya auna ya gina ba, kuma jingar da ta kare wani gari takan tura ruwan ne kan maƙwabcinsa idan ba a tsara ta tare ba.

Yana da kyau a gyara wata fahimta a nan. Duk lokacin da aka yi ambaliya, sunan madatsar Lagdo ta Kamaru ne ke fara fitowa a bakin mutane. Ruwan Lagdo kogin Binuwai yake bi, ya ratsa Adamawa da Taraba da Binuwai zuwa Lokoja, kuma ya taka rawa a ambaliyar 2012 da ta 2022 a waɗancan jihohi. Ba shi da hanyar da zai kai Jigawa ko Yobe ko Maiduguri. Ruwan da ke cin waɗannan wurare na gida ne, maganinsa ma a gida yake.

Madatsa kan kare mutane daga ambaliya idan akwai sarari a cikinta lokacin da babban ruwa ya zo. A nan ne mai kula da ita yake shiga tsaka mai wuya. In ya saki ruwa a Yuli don ya bar wuri, damina kuma ta gaza, manoman rani da birni za su rasa ruwa a bazara. In ya riƙe, Agusta ta zo da ƙarfi, dole ya buɗe ƙofofi a daidai lokacin da kogi ya riga ya cika, ko ruwan ya bi ta mazuraren sama ba da izinin kowa ba. Abin da ke raba wannan gardama shi ne ilimi: ma'aunan ruwa masu aiki a gaɓar kogi, hasashen yanayi da aka yarda da shi, da rubutacciyar ƙa'idar sakin ruwa wadda jihohin sama da na ƙasa suka amince da ita. Haka kuma duk madatsa tana tsufa. Laka na taruwa a cikinta tana rage abin da take iya riƙewa, bangonta na buƙatar dubawa da gyara kowace shekara. Madatsar Bagauda ta fashe a Agustan 1988. Madatsar Alau da ke kan kogin Ngadda ta ɓalle a 1994, ta sake ɓallewa a daren 9 ga Satumban 2024, aka wayi gari ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri, har fadar Shehu da Kasuwar Monday da asibitin koyarwa, dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu. Shekara 30 ke tsakanin fashewar biyu, lokacin da ya isa a yi kowane irin gyara.

A cikin birane matsalar ta ɗauki wani salo. A da tsohon birnin Kano cike yake da kududdufai, ramukan da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gini, waɗanda kan karɓi ruwan unguwa idan an yi mamako su riƙe shi har ya nutse. An cike da yawansu da shara an yi gini a kai. Filayen da ke shan ruwa sun koma siminti da kwalta, magudanai sun cushe da leda da robar ruwa, an yanka filaye an sayar a kan hanyar ruwa. Ruwan da ya rasa kududdufi sai ya shiga ɗaki, gidan ƙasa kuwa in gindinsa ya jiƙa kwana biyu sai ya zauna. Bayan ruwa ya janye kuma sai amai da gudawa su biyo baya, domin masai da rijiya sun haɗu. Wannan ruwan da aka yi asararsa a Agusta shi ne ake nema a Afrilu. Ƙarƙashin Kano dutse ne, ruwan da ke cikinsa a tsagogi da ruɓaɓɓen saman dutsen yake, ba shi da yawa, kuma damina ce kaɗai ke mayar da shi. Kowane mai hali ya haƙa burtsatse a gidansa, kowace sabuwa ta fi ta jiya zurfi, rijiyoyin maƙwabta na ƙafewa. Wanda ba shi da hali sai ya jira ɗan garuwa da kurarsa, ya sayi jarka a farashin da ya ninka abin da mai famfo ke biya.

Maganin da ya fi araha yana can sama, a gonaki da dazuzzukan da ruwan ke fara sauka, kuma manoman Nijar sun yi nisa a kansa. A jihar Tawa, musamman wajen Illela, an farfaɗo da dubban kadada na fako da dabarar tassa. Da rani manomi ke haƙa ƙananan ramuka a jere, faɗin kowanne kamar taƙi ɗaya na hannu ko fiye kaɗan, ya tara ƙasar da ya fitar a gefen gangara, ya zuba tafin hannu ɗaya ko biyu na takin gargajiya a ciki. Gara ta biyo takin ta huda ƙasa da ƙananan hanyoyi. In ruwan fari ya sauka, maimakon ya gudu sai ya taru a ramin ya bi hanyoyin garar ya nutse, a nan ake shuka gero ko dawa, kuma shukar kan jure ɗaukewar ruwan da zai kashe ta a fili. Rabin wata ma haka yake aiki, sai dai ya fi girma: rami ne mai siffar jinjirin wata da ke buɗe baki ga inda ruwa ke gangarowa, ana jera su a saɓa da juna yadda abin da ya kuɓuce wa na sama zai faɗa na ƙasa. A jihohin Maraɗi da Damagaram kuma, tun daga tsakiyar shekarun 1980 manoma suka koma barin kututturen itatuwa su toho a gona, suna rage rassan suna barin masu ƙarfi. An kiyasta cewa wannan ya dawo da itatuwa kusan miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5, da yawansu gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar wa shuka rana. Duk ɗigon da ya nutse a gona an rage shi daga ambaliyar ƙasan kogi, an kuma ƙara shi a rijiyar ƙauye. Aikin yana cin ƙarfi, ba kuma zai hana babbar ambaliya shi kaɗai ba, amma da fartanya da taki ake yin sa, kuma ya dace da ƙasar Katsina da Jigawa da Yobe kamar yadda ya dace da ta Tawa.

Tsare-tsare a takarda ba su yi ƙaranci ba. A 2006 jihohi shida da ke cikin kwarin, wato Filato da Bauchi da Kano da Jigawa da Yobe da Borno, suka kafa asusun haɗin gwiwa don kula da kogin. Akwai shirin ACReSAL na dala miliyan 700 daga Bankin Duniya, wanda ya shafi jihohin Arewa 19 da Abuja, domin gyaran ƙasa da hanyoyin ruwa. Hukumar NiMet na fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar NIHSA kuma na bayyana ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya tun kafin ruwa ya sauka. Inda ake samun giɓi shi ne tsakanin sanarwar da mutumin da ke bakin kogi. Gargaɗin da ya ce a tashi, bai faɗi ranar ba, bai faɗi inda za a je ba, bai kuma tanadi wurin da za a ajiye hatsi da dabbobi ba, da wuya a bi shi, domin talaka ba ya barin rumbunsa a kan jita-jita. Gargaɗi yana aiki ne idan ya bi ta rediyo da harshen mutane, ya bi ta bakin mai unguwa da liman da sarkin ruwa, aka kuma riga aka keɓe tudun da za a koma da kwalekwalen da za a yi jigila.

Yawancin abin da ke hana ambaliya a rani ake yin sa. Tsakanin Janairu da Mayu ne ake iya yashe kogi da cire kachala tun daga saiwa, a gyara jinga da ƙofofin madatsa, a kwashe magudanai, a haƙa tassa da rabin wata. A daidai wannan lokacin ne kuma hankalin hukumomi da na jama'a ke barin maganar, sai an ga gari cikin ruwa a fara rabon shinkafa da tabarmi. Ya kamata majalisun jihohin da ke kwarin Haɗeja su riƙa tambayar abin da aka kashe a kan kogin kafin watan Yuni, mutanen garuruwan bakin kogi kuma su nemi a nuna musu ƙa'idar da ake bi wajen sakin ruwan Tiga da Challawa, domin da ita ake yanke hukunci a kan gonakinsu kowace shekara.